Waiwaye: Canary Wharf, daga tashar ayaba zuwa unguwar bankuna

Wai kun san sunan Canary Wharf daga ayaba da tumatir ya samo asali? Wannan unguwa ta gabashin Landan da bankunan Barclays da Citi suka kafa dogayen benaye, da can tashar jiragen ruwa ce mai suna West India Docks, an buɗe ta tun 1802, kuma sukarin da bayi suka noma a Karebiyan ne babban kayan da ake saukewa. Daga baya aka gina wani sito na kayan marmari daga tsibiran Canary, shi ke nan suna ya bi wurin.

Kwantena ce ta kashe tashar. Manyan jiragen da ke ɗaukar ta ba sa iya kutsowa cikin kogin Thames har nan, sai harka ta koma tashoshin Tilbury da Felixstowe, aikin da 'yan dako ke kwanaki suna yi ƙugiya ta gama shi cikin awoyi. A 1980 aka rufe, wuri ya zama kango.

Gwamnatin Firayim Minista Margaret Thatcher ta kafa hukumar LDDC mai raya yankin tsoffin tashoshin a 1981, ta sassauta haraji da dokar gini. A 1986 aka sake fasalin kasuwar hannun jari, bankuna suka shiga neman faffaɗan ɗakuna na jera kwamfutoci, tsohon tsakiyar birni kuwa ya matse. Nan kamfanin Olympia & York na Kanada ya faɗo da ƙarfinsa, ya kammala dogon benen One Canada Square a 1991, hawa 50, mita 235, amma fa hawa da yawa na ginin wayam don ɗan ƙaramin jirgin ƙasa na yankin, DLR, bai isa kwasar ma'aikata ba, ga tattalin arziki ya karye, 1992 kamfanin ya durƙushe. Ni a ganina layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Jubilee da ya iso a 1999 shi ya ceci wurin, ba tsayin bene ba.

Shahararren hoton nan na ma'aikatan bankin Lehman Brothers suna fitowa da kwalaye a hannu da bankin ya durƙushe a 2008, ai nan aka ɗauke shi. A 2015 kamfanin Brookfield na Kanada da asusun zuba jari na Qatar suka saye kamfanin da ke riƙe da unguwar.

'Ya'yan 'yan dako dai ba su ne suka hau benayen ba. Tower Hamlets, ƙaramar hukumar da unguwar take ciki, ta daɗe cikin wuraren da talaucin yara ya fi yawa a Birtaniya, daga tagar gidajen gwamnati na unguwar Poplar da ke maƙwabtaka kana hango fitilar da ke ƙyaftawa a ƙololuwar One Canada Square.