Ƙahon ɗan rago da ɗan bunsuru: abin da mai kiwo ya kamata ya sani

'Yan'uwa masu kiwo na jihar Tawa, musamman mata masu turkar rago a gida, wannan bayani a kan ƙaho ne, domin raunin ƙaho yana cikin abubuwan da ake yawan kawo wa ma'aikatan kiwo, kuma sau da yawa hannun mutum ne ke jawo shi.

Ƙaho kashi biyu ne. A ciki akwai ƙashi mai rai wanda ya fito daga ƙashin goshi, yana da jijiyoyin jini da na jin zafi. A waje akwai kube mai tauri, irin abin da ya yi kofato da farce. Kuben daga gindi yake tsirowa yana tura tsohon gaba, saboda haka tsinin ƙaho shi ne mafi tsufa, kuma shi kaɗai ne ba ƙashi mai rai a cikinsa. Ku kama ƙahon rago da sanyin safiya, za ku ji gindin da ɗumi, tsinin da sanyi. Iyakar ɗumin nan, kusan iyakar jini ke nan.

Wasu kan ga barewar Turai a talabijin mai ƙaho kamar rassan itace, su ji an ce tana zubar da shi kowace shekara wani ya fito. Gaskiya ne, amma nata ƙashi ne zalla ba kube, yana girma a ƙarƙashin fata mai laushi, idan ya ƙosa fatar ta bushe ta saɓule. Rago da bunsuru da sa, har barewarmu ta daji, ƙahonsu ɗaya ne har mutuwa. Wanda ya karye daga gindi ba zai dawo yadda yake ba, sai dai wani murɗaɗɗen guntu ya fito.

Ɗan akuya namiji, a kwanakinsa na farko za a iya taɓa 'yan ƙulu biyu a kansa, kuma nasa kan riga na mace fitowa. A lokacin tsiron yana cikin fata ne, bai manne da ƙashin kai ba. Cikin 'yan makonni yake mannewa. Yayin da dabbar ke girma, kogon iska da ke cikin goshi yakan miƙe ya shiga cikin ƙashin ƙahon, kuma kogon nan a haɗe yake da hanci. Wannan ne dalilin da ya sa karayar ƙahon babban rago ta fi ta ƙarami haɗari: ƙofa ce ta buɗe zuwa cikin kai.

Ƙaho ya fi saurin girma a shekara biyu na farko, daga nan ya rage gudu amma ba ya tsayawa. Abu uku ke juya shi. Akwai iri: ragon Uda ƙahonsa kan murɗe ya baje gefe, na bunsurun jar akuyar Maraɗi gajere ne ya koma baya. Akwai dandaƙa: wanda aka dandaƙe yana ƙarami ƙahonsa kan tsaya siriri, tunda ƙarfin namiji ne ke kaurara shi. Sai abinci. Ɗan ragon da rani ya same shi babu harawa babu dusa, ko tsutsar ciki ta cinye shi, girman ƙahonsa yakan tsaya, damina ta zo ya ci gaba, sai a ga zobe ko ƙwarmi a wurin.

Zobban nan ne ke ruɗin masu saye a kasuwar Badagishiri da Abalak, suna ƙirga su suna cewa shekaru ne. Ciwo na mako uku ma yana barin zobe. Mai son sanin shekarun rago ya buɗe bakinsa. A muƙamuƙin ƙasa akwai haƙoran gaba 8, na nono ƙanana ne farare. Manyan biyu na tsakiya kan fito tsakanin wata 12 zuwa 18, su zama huɗu wajen shekara 2, shida wajen shekara 3, takwas wajen shekara 4. Ƙaho yana ƙara wa rago kwarjini a idon mai saye, amma nama a gadon baya da cinya da gindin wutsiya ake lalubensa.

To, yaya ƙaho ke lalacewa? Na farko shi ne jan dabba da shi. Kuben ɗan rago bai gama kama ƙashi ba, fizga ɗaya a bakin mota ko amalanke sai ya saɓule kamar hula, ya bar jan ƙashi yana zubar da jini. A kama a ƙarƙashin haɓa da hannu ɗaya, ɗayan a gindin wutsiya, a tura. Igiya kuma a wuya ko a ƙafa, da ƙullin da ba ya zargewa; wadda aka ɗaura a gindin ƙaho tana cin fata, ƙuda ya sami wurin yin ƙwai. Na biyu, haɗa raguna baƙin juna a turke ɗaya. A bar tazarar da kawunansu ba za su haɗu ba. A kuma hana yara wasan tura goshin ɗan rago da tafin hannu, don da haka yake koyon tunkuyin mutane.

Idan ya karye, a sami ƙyalle mai tsabta a danne wurin da ƙarfi minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Jinin yana da ban tsoro, har yakan yi tsartuwa, amma dannewa kan tsayar da shi. A wanke gefen da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, a fesa shuɗin maganin rauni, a ɗaure, a ware dabbar a inuwa. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin man mota, ko garin batir. Ƙasa da kashi su ne gidan ƙwayar cutar sandarewa, kuma idan rami ya buɗe, duk abin da aka zuba cikin kai yake gangarawa. In an ga rami, ko ana jin iska na fita ta wurin idan dabbar ta yi numfashi, ko ƙahon yana lilo bai rabu ba, aikin likitan dabbobi ne a ranar. A riƙa duba wurin kullum saboda tsutsa, balle da damina. Wari, ruwan mugunya ta hanci ɗaya, karkata kai da ƙin cin abinci, alamu ne cewa ciwon ya shiga kogo.

Masu turkar layya su lura: a wurin malamanmu na Malikiyya, dabbar da ƙahonta ya karye bai warke ba, yana jini, ba ta isar wa layya, amma wadda aka haifa ba ƙaho ta isar. Turkar wata shida tana iya tashi a banza a ranar lodi.

Akwai kuma ƙahon da ke lanƙwasowa ya nufi kunci ko ido. Sau ɗaya a wata a zura yatsu biyu tsakanin tsinin da fata. In ba su shiga ba, lokacin ragewa ya yi. Mutum biyu su riƙe dabbar, a yanke santimita 2 daga tsini da ƙaramin zarto mai tsabta, a duba wurin yankan. Idan busasshe ne ana iya ƙarawa kaɗan, idan an ga ɗigo ja-ja ko danshi a tsakiya a tsaya nan. Ba a sara da adda, tana tsaga kuben har gindi. A goge kaifin bakin da magagari, a sake dubawa bayan wata uku, don zai ci gaba da bin hanyarsa ta da.

Ƙona tsiron ƙaho da ƙarfe mai zafi don kada ya fito, ana yin sa ne a makon farko zuwa na biyu, kuma ƙwararre kaɗai ke yi. Ƙoƙon kan ɗan akuya siriri ne ƙwarai, ƙarfen ya daɗe kaɗan zafin ya kai ƙwaƙwalwa. Ga dabbar da ke fita kiwo daji inda karnuka da dila suke, a bar mata ƙahonta ya fi.