Jami'a, tsofaffin ɗalibai da annoba: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tun bayan korona, duk zauren tsofaffin ɗalibai da nake ciki a WhatsApp sai an jefo mini waɗannan tambayoyin, wani ma ya yi yau ya dawo da ita jibi. Ga amsoshin nan wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Malam, ina ruwan jami'a da annoba? Ba aikin asibiti ba ne?

Likitocin daga ina suka fito? A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero ke koyon aiki, malamansu kuma su ne manyan likitocin wurin. A shekarar 2020, lokacin da gwajin cutar ya zama tashin hankali a Kano, cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta Jami'ar Bayero tana cikin wuraren da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta amince su yi gwaji. Na'urar gwaji da wanda ya iya aiki da ita ba a kasuwar Kurmi ake samunsu ba, a jami'a suke.

Wane ne tsohon ɗalibi? Sai mai digiri?

Duk wanda ya yi karatu a wurin ya gama, har mai difloma. Mu wuce.

Me ya sa ba a koma karatu ta intanet ba kamar yadda aka yi a Ingila da Amurka?

Kun manta ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki a watan Maris na 2020, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba? Ko da babu yajin aikin, ɗalibin da ya koma ƙauyensu a Sumaila ko Doguwa da wace wuta zai yi cajin waya, da wane kuɗi zai sayi data? Masu wannan tambaya yawanci a cikin birni suke zaune, inji yana aiki a gidansu.

Ni ba ni da kuɗi. Ke nan babu abin da zan iya yi?

Kwantar da hankalinka, ba kuɗi kaɗai ake nema ba. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu 2020, kafin sati ya zagayo an rufe gari, azumi kuma ya shigo ana kulle. A wannan lokacin jita-jita ta yi mana ɓarna ƙwarai. Wasu na cewa cutar ta masu kuɗi ce, wasu na cewa ƙirƙira ce, alhali masu haƙar kabari sun kasa hutawa, dattawa na ta tafiya, cikinsu har da manyan malaman jami'a. Idan kai ma'aikacin lafiya ne, bayani da Hausa a rediyo ko a ƙofar masallacin unguwarku taimako ne babba. Idan ke malamar makaranta ce, yaran maƙwabta na zaune ba karatu. Wanda ya karanta haɗa magunguna ya san cewa ruwan tsabtace hannu sai sinadarin da ke kashe ƙwayar cuta a cikinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari, ya faɗa wa mutane su daina sayen ruwan banza mai ƙamshi.

Wa ya kamata a fara taimakawa?

Waɗanda cin abincinsu ya rataya a kan buɗewar makaranta. Albashin malami ko ya makara ana sa ran zuwansa. Amma mai fotokwafi da mai ɗinkin littafin kammala karatu, da matar da ke sayar da abinci a bakin ɗakin kwanan ɗalibai, da ɗan adaidaita sahu da ke jigila tsakanin Kabuga da sabon matsugunin jami'a a titin Gwarzo, da masu shara da gadi da ba su cikin ma'aikatan dindindin, su ranar da aka rufe ƙofa ranar tukunyarsu ta sauka. Kusan shekara guda suka yi a haka. Mun sha shayinsu, mun ci bashinsu muna ɗalibai, yanzu kuma ba sa cikin lissafinmu. Wannan abin kunya ne a gare mu.

To ina da abin da zan bayar. In tura wa jami'a, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko zauren 'yan ajinmu?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, saboda ya danganta da abin da kake so kuɗin su yi da kuma gaggawar buƙatar.

Idan abin da kake so na'ura ce, ko kayan gwaji, ko sola a ɗakin bincike, to jami'a ce hanya, domin ita za ta mallaki kayan ta kula da su. Sai dai ka sani, yawancin kuɗin jami'o'in tarayya suna bi ta asusun bai ɗaya na gwamnati tun 2015, kuma sayen kaya yana da matakai da kwamitoci. Wannan kariya ce ga kuɗinka, amma ba ya sauri. Shi ya sa a wasu lokuta ya fi sauƙi ka tambayi sashen ainihin abin da suke buƙata a rubuce, ka saya, ka miƙa da takardar karɓa. Kada ka sayi na'ura bisa ra'ayinka. Na'urar da ba a samun kayan aikinta a nan, ko babu mai gyaranta, ƙura kawai za ta sha.

Idan abinci ne ga mutanen da na ambata a sama, zauren 'yan aji ya fi sauri, sun kuma san fuskoki. Haɗarinsa shi ne kuɗin na shiga asusun mutum ɗaya. Ko da mai amana ne, kuma yawanci masu amana ne, idan ya kwanta ciwo ko ya rasu, wanda a lokacin annoba ba abin mamaki ba ne, kuɗin sun cakuɗe da gado. Aƙalla a samu mutum uku masu ganin shige da fice, a kuma riƙa sanar da lissafi a zaure.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana tsakiya. Ka tambaya ko tana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, ko asusun da sunan ƙungiya yake, su wa ke sa hannu, yaushe aka karanta lissafi na ƙarshe. Shugaban da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ni dai ba zan ba shi kuɗina ba. Duk da haka akwai rassa ƙanana da ba su da rajista kuma suna aiki da gaskiya, don haka rashin takarda kaɗai ba hujjar zargi ba ce.

Sannan idan kuɗin zakka ne, ka faɗa tun farko. Waɗanda ake ba zakka an ƙayyade su a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma sayen na'ura ko gyaran gini magana ce da malamai ke da bayani a kanta. Ka tambayi malaminka, kada ka tambaye ni. A ware ta daga sadaka, kada a zuba su a buhu ɗaya.

Ai korona ta wuce. Me ya kawo wannan magana yanzu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a watan Mayu na 2023. A shekarar 2023 ɗin kuma mashaƙo ya addabi yara a Kano fiye da kowace jiha. Kwalara na zuwa da damina, sanƙarau da zafi. Ranar da aka rufe gari ba ranar neman lambobin waya ba ce, ba ranar buɗe asusu ba ce. Ku tattara sunayenku yanzu, wa ke likita, wa ke da mota, wa ke da sito a Singa ko Dawanau, wa ke zaune a ƙasar waje. Jami'o'inmu ma, da Bayero da Yusuf Maitama Sule da ta Wudil, su riƙa neman tsofaffin ɗalibansu tun ana zaman lafiya, ba sai buƙata ta taso ba.

Na ba da gudummawa amma ban ga hotunan rabo ba.

Lissafi haƙƙinka ne, ka nema a ba ka: nawa aka tara, me aka saya, gida nawa aka kai wa. Hoton magidanci riƙe da ƙullin shinkafa kuwa ba haƙƙinka ba ne, yana da 'ya'ya da surukai. Mu ba ma ɗauka, kuma ba za mu fara ba.