Idan gini ya rufta, shin wanda ya buga hatimi ne kaɗai zai ɗauki laifi?

Duk sanda gini ya faɗi a Kano, kamar benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022, magana biyu ce ke yawo. Masu gini suna cewa tunda injiniya ya buga hatimi, hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, kuma ta amince da zane, su sun fita. Matasan injiniyoyi kuwa tsoro ya kama su, har ana cewa ko bango ne ya tsage bayan shekaru, wanda ya sa hannu za a kama. Ko ɗaya ba haka take ba.

Maganar ta shafi injiniyoyi masu rajista da hukumarsu ta COREN, da masu zanen gini masu rajista da tasu hukumar ta ARCON, da masu ƙiyasin kaya da kuɗin aiki.

Abin da doka ke nema wurin ƙwararre shi ne ya yi aikinsa da irin ilimi da kulawar da ake tsammani daga takwarorinsa. Ba ta ce ya rantse gini ba zai taɓa samun matsala ba. In ya rubuta rodi mai lamba 16 a ginshiƙi, mai gini ya je Ƙofar Ruwa ya sayo mai 12 don ya rage kuɗi, ko ya ɗora hawa na uku a kan harsashin da aka yi wa biyu, wannan ba kuskuren zane ba ne. In kuwa lissafinsa ne ya karkace, ana iya neman diyya a kansa, hukumarsa na iya soke rajistarsa, idan sakacin ya ci rai kuma maganar ta zama ta laifi a gaban kotu.

Inda ake faɗawa rami shi ne layin nan na cikin yarjejeniyar aiki da ke cewa ƙwararre "zai kula da aiki". Kulawa wace iri? Ya leƙo ranar ɗaura rodi da ranar zuba kankare, ko ya tare a wurin kullum? Kuɗin biyun ba ɗaya ba ne, nauyinsu ma haka. Yawanci kuɗin leƙe ake biya, ranar da abu ya ɓaci a nemi hakkin tarewa. Ya kamata takarda ta faɗi sau nawa zai zo, me zai duba, da abin da zai biyo baya in ya ce a tsaya aka ƙi. Kuma in zai ce a tsaya, ya faɗa a rubuce. Da benen Ikoyi mai hawa 21 ya rufta a Legas a watan Nuwamban 2021, takardar da aka fi yaɗawa ita ce wasiƙar da kamfanin injiniyoyin farko ya rubuta tun 2020 yana janye hannunsa daga aikin. "Ai na gaya wa Alhaji a waya" da wuya ta fitar da mutum.

Yanzu kuma manyan masu ba da aiki suna cusa sharaɗin cewa ƙwararre ya lamunce gini zai dace da abin da aka yi shi dominsa. Wannan ya fi abin da doka ta ɗora masa nauyi nesa ba kusa ba, kuma inshorar sana'a galibi sakaci take biya, ba lamuni ba. Shi ya sa masu wayo ke neman a yanke iyakar diyya a cikin yarjejeniya. A ganina wannan ba gudun hakki ba ne: mutumin da ladansa ɗan kaso ne na kuɗin gini bai kamata ya ɗauki asarar siminti da bai auna ba. Sai dai iyakar tsakanin masu yarjejeniya take aiki, ba ta ɗaure maƙwabci ko leburan da ya ji rauni.

Wanda ban ga abin da zai cece shi ba shi ne mai sayar da hatimi, wanda ake kawo wa zanen wani ya buga ya karɓi nasa, bai duba lissafi ba, bai san ko a Hotoro filin yake ko a Rijiyar Zaki ba. Sa hannunsa na nufin ya duba ya gamsu, kuma a kan haka hukumarsa da kotu za su tuhume shi.