Steam Deck da rigimar memori: ku karanta kafin ku sake tambayata

Tun da samarin Gombe suka fara sayo Steam Deck na hannu, wato ƙaramar na'urar wasannin bidiyo da ake riƙewa a yi wasa, tambayoyin nan ake ta maimaita mini, daga Pantami har Jekadafari. Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Na sa memori (katin microSD), na'urar ba ta nuna shi ba. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau, fomatin ne ba ka yi masa ba. Na'urar da SteamOS take aiki, wanda tushensa Linux ne, kuma tsarin ajiye fayiloli na ext4 take so. Yi masa fomatin a cikinta. Komai zai goge, sai ka fara kwashe hotunanka.

Na mayar da shi laftof, sai Windows ya ce in yi fomatin.

Kar ka danna! Windows ba ya karanta ext4, shi ke nan. Wasanninka na nan daram.

Na samu 1TB a kuɗin 128GB. In saya?

A'a. Haba ɗan'uwa, wa zai sayar maka da sa a kuɗin akuya? Jabu ne. An rubuta masa girman ƙarya, idan ainihin cikinsa ya cika sai sabon abu ya riƙa hawa kan tsoho, wasa ya lalace ba ka sani ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne datar da kuka ƙona wajen sauke wasan. Gwada kowane sabon kati da manhajar H2testw a kwamfuta tun mai shago bai manta fuskarka ba. Nemi mai alamar gudu ta U3 da A1 ko A2 a jikinsa. Ramin katin UHS-I ne, gudunsa bai wuce kusan 104MB a daƙiƙa ba, don haka kati mai tsadar gaske asarar kuɗi ne.

Ina da had-disk na waje cike da finafinai. Zan iya ɗora wasanni a kai ba tare da fomatin ba?

To, wannan sai a hankali. Zai iya yiwuwa, amma ba na ba kowa shawarar haka. Yawancin irin waɗannan tsarin fayilolinsu NTFS ne ko exFAT, ba ext4 ba. Linux na iya buɗe su, ka kalli fim ɗinka. Wasa kuwa daban ne: wasannin Windows ta hanyar wata manhaja mai suna Proton suke tashi a na'urar, shi kuma Proton yana buƙatar abubuwan da exFAT ba shi da su. A NTFS wani wasan ya tashi, wani ya ƙi, ya danganta da yadda aka haɗa disk ɗin. Sannan idan Windows bai rufe shi da kyau ba, za ka iya karantawa amma ba za ka iya rubutawa ba.

Ga kuma batun wuta. Ramin USB-C ɗaya tal ne, kenan sai da hob (abin ƙara ramukan USB) mai wuce caji, da caja mai wat 45 irin ta asali. Ana tsakiyar saukewa a ɗauke wuta, ko a juya zuwa janareta, disk ɗin na iya katsewa na ɗan lokaci, kuma hakan ya isa ya ɓata fayil. In kana kan sola ko inbata mai tsayayyar wuta, haɗarin ya ragu, ban ce babu ba. In dole ne, raba disk ɗin biyu, ɓangare ɗaya ext4 na wasa, bayan ka ajiye kwafin kayanka a wani wuri. In ba ka iya ba, bar shi ma'ajiya kawai, ka riƙa wasa daga memori.

Duk wasannina na kan memori, amma cikin na'urar ya cika.

Kwantar da hankalinka, ba cuta ba ce. Fayilolin shader (masu taimaka wa wasa wajen zana hotuna) da na Proton a ciki suke zama. Masu 64GB ne suka fi shan wannan. Maganinsa canza ma'ajiyar cikin na'urar, wato SSD, da mai ɗaukar kaya da yawa, samfurin 2230.

Zan buɗe in canza da kaina.

Cire memori tukuna! Murfin baya karya shi yake yi gida biyu.

Zafin Afrilu na kashe kati?

Yana iya taimakawa. A 2023 kamfanin Asus ya amsa cewa zafi kan lalata ramin katin ROG Ally, na'urarsu ta wasa irin Steam Deck. Kowace ce taka, daina wasa da ita a kan katifa, kana toshe mata iska.