Binne wayoyin lantarki a ƙasashe masu tsananin sanyi

Binne wayoyin lantarki hanya ce ta rarraba wuta inda ake haƙa rami a shimfiɗa kebul mai rufi a ciki, maimakon a rataya waya a kan falwaya. A Turai da Arewacin Amurka, ɗaya daga cikin manyan dalilan yin haka shi ne gudun ɗaukewar wuta a lokacin hunturu.

Abin da ya fi yi wa wayar sama ɓarna shi ne ruwan da ke sauka kamar kowane ruwan sama, amma da ya taɓa waya ko reshe sai ya daskare nan take. A hankali ƙanƙarar ta yi kauri, wayar ta lanƙwashe ta tsinke, ko reshen bishiya ya karye ya faɗo mata. A Janairun 1998 irin wannan ruwa ya sauka a gabashin Kanada, musamman lardin Kebek. Hasumiyoyin ƙarfe masu ɗauke da wayoyin lantarki kusan 1,000 suka durƙushe, mutane kimanin miliyan 4 suka rasa wuta, wasu har tsawon makonni cikin sanyi mai ratsa ƙashi.

Dabarar ta daɗe. Bayan guguwar dusar ƙanƙara ta Maris ɗin 1888 ne birnin New York ya dage wajen mayar da wayoyinsa ƙarƙashin ƙasa. Suwidin ma ta binne layuka masu yawa a karkara bayan guguwar Gudrun ta Janairun 2005.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Bayan irin wannan ruwan ƙanƙara ya sauka a jihar North Carolina ta Amurka a Disambar 2002, binciken hukumar kula da lantarki ta jihar ya ƙiyasta cewa binne layukan rarraba wuta na manyan kamfanonin jihar zai ci dala biliyan 41 da shekara 25, kuɗin wuta kuma ya ninka har da ɗoriya. Aka fasa. Ga kuma wahalar gyara: wayar sama idan ta tsinke ido na ganinta, ta ƙasa kuwa sai an lalubo wurin da na'ura, an tona. Shi ya sa kamfanoni kan zaɓi sababbin unguwanni da layukan da suka fi yawan lalacewa su binne.

Binnewa ba ta maganin matsalar da ta taso daga tashar samar da wuta. A jihar Texas ta Amurka, cikin Fabrairun 2021, tashoshin ne da bututun gas suka daskare, gidaje miliyoyi suka kwana a duhu.