Cacar da ke shigo mana ta gidan kallon ƙwallo

Daren Asabar na raka ɗan yayata gidan kallon ƙwallo na unguwarmu. Janareta na ruri, bencina sun cika, yara 'yan shekara goma zuwa sha biyu na zaune a ƙasa dab da talabijin. Kowa idonsa na kan ƙwallo, nawa kuwa yana kan abin da ke kewaye da ita: sunan kamfanin caca a rigar ɗan wasa, a allon lantarkin da ya zagaye fili, har a bangon da koci ke tsayawa yana magana da 'yan jarida. Da aka tafi hutun rabin lokaci sai ga talla, wani tsohon ɗan wasa da muka taso muna ƙauna yana murmushi, yana nuna waya. Kafin tallar ta ƙare, samari uku a bencin gabana sun zaro wayoyinsu.

Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibiti, kuma ƙarshen wannan labarin wurinmu yake zuwa. Kwanaki wani matashi mai tuƙa keke napep ya zo da ciwon kai da rashin barci, yana neman maganin olsa. Sai a zuwansa na uku, ina auna masa jini, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, kuɗin balas na sati biyu na buga, mai keken bai sani ba." Ko sau ɗaya bai ce caca ba. "Bet" yake cewa. Wannan shi ne babban aikin da talla ta yi mana: ta canja wa abin suna, ta wanke shi tas, ta zaunar da shi kusa da ƙwallo har yaro ya ɗauka ɗan uwanta ne. Wanda ba zai taɓa zama a dandalin 'yan karta ba, yau yana buga caca a ɗakin mahaifiyarsa.

Ku zo mu yi lissafi, don a nan ake yaudarar mutane. Saurayi ya haɗa wasa goma a tikiti ɗaya da naira ɗari biyu, an nuna masa zai ci dubu ɗari da wani abu. A ce kowane wasa rabi da rabi ne, ko ya faɗa daidai ko ya kuskure. Damar ya dace a duka goman ita ce sau 1 cikin 1,024. Kamfanin kuma ya riga ya cire ribarsa a farashin kowane wasa tun kafin a busa usur. Abin da ya fi cutarwa shi ne ranar da tara suka shiga, ɗaya ya yanke tikitin. Ƙwaƙwalwa ba ta karanta wannan a matsayin asara, "saura ƙiris" take ji, sai ta tura mutum ya sake. Daga nan sai bin sawun abin da aka rasa, sai bashi, sai ƙarya a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a kundin cututtuka, a rukuni ɗaya da jarabar shaye-shaye. Ciwo ne, kuma yana kai wasu ga tunanin hallaka kansu.

Ƙasashen da muke kallon ƙwallonsu sun fara ja da baya. Italiya ta kafa dokar hana tallar caca a 2018. Sifaniya ta cire sunayen kamfanonin caca daga rigunan ƙungiyoyi a 2021. A Birtaniya, tun 2019 kamfanonin suka daina sa talla a talabijin yayin da ake wasa kai tsaye kafin ƙarfe tara na dare. A Afrilun 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire caca daga ƙirjin riga bayan kakar 2025/26, sai dai hannun riga da allunan gefen fili ba su cikin yarjejeniyar. A 2023 ɗin ne aka dakatar da ɗan wasan Ingila Ivan Toney wata takwas saboda karya dokokin caca, likita ya tabbatar yana fama da jarabarta, alhali rigar Brentford da yake sawa sunan kamfanin caca ne a gabanta. In wannan guguwa ta kwashi mai albashin miliyoyi, ina ga ɗan keke napep?

A Najeriya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Nuwamban 2024 cewa kula da caca hurumin jihohi ne. A Kano Hisbah ta rufe shaguna. Amma shagon yanzu yana cikin aljihu, a buɗe dare da rana, kuma tallar da ke kai mutum ƙofarsa tana shigowa ne tare da wasan.

Don haka ina roƙon masu gidajen kallo: in an tafi hutun rabin lokaci ku kashe sauti ko ku sauya tasha, kada ku manna fostar kamfanin caca ko da sun biya, kada ku bari a riƙa rarraba lambar tikiti a gaban yara. Iyaye kuma ku lura. Yaron da ya damu da sakamakon wata gasa da bai san ko sunan 'yan wasanta ba, wanda fuskarsa ke sauyawa don an ci ƙwallo a minti na casa'in a wasan da ba na ƙungiyarsa ba, wanda kuɗin cefane ke raguwa a hannunsa, ku zauna da shi. Kada a fara da duka ko tonon silili, kunya ce ke sa su ƙara nutsewa.

Kai kuma ɗan'uwa da abin ya riga ya kama, goge manhajar, ka nemi a rufe asusunka, ka damƙa katin banki ga wanda ka yarda da shi na ɗan lokaci, kuma kada ka ci bashi don ka fanshe. In barci ya ƙaurace maka ko baƙin tunani ya fara zuwa, ka zo asibiti mafi kusa a ranar. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma za mu rubuta maka takardar zuwa.

Matashin nan kuwa, yayansa ya raka shi wurin mai keken, aka yanka masa abin da zai riƙa biya duk mako. Yana zuwa wurina ranar Litinin, don ya ce Asabar da Lahadi ne suka fi yi masa wuya.