Waiwaye: Wa ke tantance alƙaluman masu tantancewa a Saudiyya?

Duk likita ko ma'aikacin jinyar da ya taso daga Kano ko Zariya ya zo aiki a asibitocin Jidda ko Madina, ba zai taɓa majiyyaci ba sai ya bi ta hannun Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya. Tun 1992 aka kafa ta, ita ke auna matsayin ma'aikaci ta yi masa rajista. A 2002 injiniyoyi ma suka samu tasu hukumar. Da matsalar takardun bogi ta kunno kai, aka shiga tura shaidar karatu ga kamfanin DataFlow, shi kuma ya tuntuɓi makarantar da ta bayar.

Wato an daɗe da daina yarda da maganar mai takarda sai an ji ta bakin wani. Rahoton aikin hukuma kuwa daga ofishinta yake fitowa, ita ke ƙirga wa kanta.

An samu sauyi a 2015 da aka kafa cibiyar Adaa don auna ƙwazon hukumomin gwamnati, ana gab da ƙaddamar da shirin ƙasa na 2030 a watan Afrilun 2016. Daga nan aka koma magana da ma'auni: kwana nawa aiki ke ɗauka, mutum nawa aka biya wa buƙata, jama'a sun gamsu ko a'a. Ci gaba ne, babu musu.

Sai dai sahihancin adadi yana ga inda aka fara ƙirga. Idan lissafin kwanaki ya fara daga ranar da takardu suka kammala, watannin da ɗan'uwanmu ya yi yana jiran jami'arsa ta amsa wasiƙar tantancewa ba za su shiga rahoto ba. Haka nan idan an mayar masa da fayil ya sake shigarwa aka rubuta shi sabo. Alƙaluma ba su yi ƙarya ba, amma shi yana zaune babu aiki, ga haya, ga iyali can gida suna sa ido. Yawan takardun bogin da aka kama ma bai isa hujja ba, tunda waɗanda suka sulale ba sa cikin lissafi.

Abin da nake so in gani a kowane rahoto shi ne bayanin ranar da ƙirga ke farawa, adadin fayilolin da aka mayar, da sa hannun mai binciken da ba ma'aikacin hukumar ba.